Yadda Baffa Gunu Ya Zaɓi Bindiga

Yaru, Bake, Zime, ku kife wayoyin nan ku matso kusa. Ban taso ku daga Kwatano da Jugu don ku ci sakwara ku koma ba. Magana ce a kan bindigar ubanku, kuma sau ɗaya zan faɗe ta, daga saiwa har ganye. Wanda ya katse ni shi zai wanke turmi.

Kun san Sannu-Sannu. A gabanta kuka girma tana rataye a bayan ƙofa: bindigar iska mai sifirin, gajera, ƙotarta ta yi baƙi don shan hannu, da wuri guda ɗaure da jan zare a wuyanta. Karya ta ake yi a tsakiya a ɗana, a sa 'yar dalma ɗaya, a mayar. In ta tashi, ƙararta ba ta fi tarin kyanwa ba. Da ita ubanku Sero ya ci ragon bikin rufe makaranta shekara goma sha ɗaya a jere. Murfin kwalba goma a jikin katako, taku goma sha biyar, mutum ɗaya daga unguwarmu Banikanni, ɗaya daga unguwar Titiru, wanda ya fi sauke murfi shi ke jan rago. Har ta kai mutanen Titiru sun daina zuwa da igiya.

To, ran sadakar arba'in ta ubanku, ƙurar motarku ba ta kwanta ba baffanku Gunu ya shigo ya tsaya a bayan ƙofar nan. Al'ada ce, makamin wa ƙane ke ɗauka. Ban yi musu ba. Abu ɗaya na ce masa, kada ta bar dangi.

Ya ce, "Matar Yaya, da wanda ya san bindiga tun kina tallan gyaɗa kike magana."

Bari in tuna muku sanin da ya yi mata. Shekara ashirin da shida baffanku ya yi yana ɗaga sandar ƙofar masana'antar auduga yana saukewa. Aka ba shi hula mai baki da usur, tun daga ranar ya ce a riƙa kiransa Shef, wato shugaba da Faransanci. Harbi kuwa sau ɗaya ya taɓa yi a duniya, a jana'izar wani tsohon maharbi a ƙauye, inda ake harba bindiga sama don sallamar mamaci. Aka miƙa masa harba-ruga, ya rungume ta, ya runtse ido. Bindiga ta yi gabas, shi ya yi yamma, ya sauka cikin kwandon doya. Amma harbin nan a bakin Gunu kowace shekara ƙiba yake yi. Ya fara da gada, ya zama mugun dawa, bara ya kai ɓauna.

Da biki ya rage mako uku, dattawan unguwa suka zauna a gindin mangwaro suna tambayar wa zai tsaya wa Banikanni tunda Sero ya tafi. Mai unguwa Tamu bai rufe baki ba Gunu ya miƙe.

"Wannan ma abin tambaya ne? Jini ɗaya, ido ɗaya."

Aka kafa murfi biyar a jikin bishiya don a gani. Gunu ya danne Sannu-Sannu a kafaɗa har jijiyar wuyansa ta fito, ya harba sau biyar. Murfi biyar suna nan lafiya lau, ko gaisuwa dalma ba ta yi musu ba.

Ya dube ta a wulaƙance. "Wannan ba bindiga ba ce, allurar asibiti ce. Yaya da sa'a yake ci, Allah ya jiƙansa. Ku ba ni kwana biyu in zaɓo ta maza. Ba murfi kaɗai ba, katakon ma sai an tsince shi a Titiru."

Nan take ya raba ragon da bai gani ba. Kai na mai unguwa, cinya ta liman, fata ya yi buzu, kayan ciki na matarsa Lekiya tunda ita ce mai wanki.

Tamu ya ce, "Shef, a bar min ƙafa ɗaya a jikinsa tukuna, ya samu ta zuwa."

Washegari ya naɗe Sannu-Sannu a zane ya tafi bayan kasuwa, shagon Musiliyu, Bayaraben nan mai kayan keke da ke sayar da bindigogin iska. Musiliyu ya jera masa uku a kan kanta kamar mai tallan kifi.

"Wannan ƙaramar, ka ce ƙanwar ta Sero ce. Ba nauyi, da hannu ɗaya ake ɗana ta. Ba ta kai nesa, amma inda ka duba nan take zuwa."

"Ajiye wa 'yan makaranta."

"Wannan ta tsakiya ba a karya ta. Hancinta a kafe yake, da sandar nan ta ƙasa ake ɗanawa. Tana da nauyi, nauyin ne ke shanye tsallen sifirin. In dai murfin kwalba ne a taku goma sha biyar, Shef, da ni ne ita zan ɗauka ban ko waiwaya ba."

Gunu ya ɗaga ta ya jinjina, ya shinshina bakinta, ya ƙwanƙwasa ƙotar da yatsa kamar mai sayen kankana. Amma tuni idonsa ya maƙale a ta uku. Doguwa ce har ta fi kantar, baƙa wul, ƙotar roba, da madubin hange a bisa mai kaurin kwalbar lemo. A jikin kwalinta an zana damisa baki buɗe, da wata lamba mai sifiri uku.

"Wannan lambar fa?"

"Wai gudun dalma ne. Masu kwali suka rubuta, ba ni ba."

"Ta Yaya nawa ce lambarta?"

"Rabin haka ma da ƙyar."

"To ka gani. Shekara goma sha ɗaya Yaya na cin rago da rabin bindiga. Ni da cikakkiya ai sai sa."

"Shef, murfin kwalba ba ya gudu. Ba ƙarfi yake so ba, a same shi yake so. Wannan sifirin ɗinta kamar na mota yake, ɗana ta sai ƙato, in ta tashi ta zabura baya ta zabura gaba. Kuma duk mai sifirin dokarsu ɗaya ce, ba a matse su. A buɗaɗɗen tafi ake ɗora ta, a jingina a kafaɗa kaɗan, a bar ta ta yi tsallenta yadda ta saba. In ka matse, kowace dalma da garin da za ta nufa."

Gunu ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ka taɓa harba bindigar gaske?"

"Ban taɓa ba."

"To ni na harba. Bindigar da ba a matse ba ita ke zubar da haƙora. Ka tsaya a tayar keke."

"Na ji. Abu biyu kawai. Kada ka taɓa kunama hanci na buɗe. Kada ka zuba mata mai a ramin iska."

"Musiliyu, ba a koya wa ɗan kada iyo."

Kuɗin da ke aljihunsa na kwanon rufin ɗakin Lekiya ne, ga damina ta kama, kuma ba su kai ba. Sai ya warware zane ya ɗora Sannu-Sannu a kan kanta.

Musiliyu ya ja baya. "Wannan ta gidanku ce. Ba na son karɓa."

"Tawa ce, al'ada ta ba ni. Karɓi ko in tsallaka titi."

Haka bindigar ubanku ta koma bango, tsakanin tayoyi da sarƙoƙin keke. Shi kuwa ya hau bayan ɗan acaɓa da kwali a gicciye, ya shigo unguwa yana share shanyar mutane hagu da dama. Kafin ya sauka ya raɗa mata suna Aradu.

A tsakar gida ya fito da ita, Lekiya na gefe tana dakan sakwara. Ya kama hanci ya ja, ko gezau. Ya kafa ƙota a ƙasa ya danna da ƙirji, shiru. Ya rataya a jikinta gaba ɗaya har ƙafafunsa suka bar ƙasa yana reto kamar jemage.

"Lekiya, zo riƙe min nan. Ba kasawa na yi ba, sabunta ce."

Lekiya, wadda ta shekara talatin tana ɗaga taɓarya, ta goge hannu a zane, ta sa gwiwa, ta ja sau ɗaya. Ƙaras.

"Shi ke nan?"

"Ai na riga na sassauta miki ita."

"Wannan ce kwanon ɗakina?"

"Mace ba ta gane kayan aiki. Duba nan ki ƙaru. Wannan ita ake kira kunama, in aka taɓa ta haka..."

Ya taɓa, hanci na buɗe. Hancin Aradu ya taso da dukkan ƙarfin sifirin ɗin motar nan ya same shi a ƙarƙashin haɓa. Haƙora suka haɗu da harshe a tsakani, hula ta tashi ta sauka a kan rufi. Da ya gama ganin taurari ya duba bindiga, sai ga hancinta ya ɗan ɗaga sama kamar na sabon mai kuɗi. Ya ce haka aka ƙera ta.

Kwana uku yana magana kamar mai tauna ɗanyen rogo. A gindin mangwaro ya ce ciwon haƙori ne.

Tamu ya ce, "Ikon Allah. Haƙorin a haɓa ya tsiro?"

Aka shiga gwaji. Ya jingina katako a katanga ya kafa murafe, Lekiya na ɗanawa shi yana harbi. Yana matse ta kamar ya kama ɓarawo, ga hanci na kallon sama, dalma kuwa ta katanga take tsallakewa ta shiga duniya. Ranar farko ta huda bahon wankin maƙwabta. Rana ta biyu ɗanyun mangwaro suka yi ta zuba a kan masu zaman hira. Rana ta uku Bagudu makanike, wanda katanga ɗaya ta raba su, ya yi sallama da farantin talabijin ɗinsa a hannu, ya zama rariya.

"Shef, in ni kake nema ga ni a ƙasa. Ban taɓa kwana a kan rufi ba."

"Iska ce ke kwashe dalmar."

"Wace iska? Ganye ko motsi ba ya yi."

"Ta sama. Kai ba ka san ta ba, kullum kana ƙarƙashin mota."

"To ka gaya wa ta saman ta bar min labarun ƙarfe takwas."

Iyaye suka hana yara bin lungun. Masu tallan biredi suka sake hanya. Kajin Lekiya kuwa, da yake dabba ba ta da girman kai, suka gane inda lafiya take, suka koma kwanciya a gindin katakon. Ita ma ta mayar da shanyar barkononta nan, ta ce a duk Banikanni ba wuri mai aminci kamar gaban abin da maigidanta ke auna.

Madubin hangen ma bai zauna lafiya ba. Duk harbi sai ya ɗan zame baya, Gunu ya ɗan ja kai baya, ya sake zamewa, ya sake ja. Rana ta biyar wuya ya ƙare. Madubi ya daki girarsa, ya fice, ya yi tsalle biyu ya nutse a tukunyar miyar gyaɗa. Ido ya kumbura ya yi shuɗi.

Tamu ya duba ya girgiza kai. "Haƙorin ya hau ido ke nan. Shef, ka je asibiti kafin ya kai ƙeya."

Ni duk wannan ban san an rabu da Sannu-Sannu ba. In na tambaya sai ya ce tana hutawa. A kasuwa matar Musiliyu ta tsegunta min, na ajiye kwando na nufi shagon. Ƙusa kawai na tarar a bango. Musiliyu ya ce an saya tun shekaranjiya, mai sayen kuma ya roƙe shi kada ya faɗi suna. Abin da na gaya wa baffanku a ranar ba zan maimaita a gabanku ba, kuna da sauran girmama shi. Amsarsa dai ita ce, "Matar Yaya, ran biki in na ɗaure miki rago a ƙofa, ke da kanki za ki ce a manta."

Saura kwana huɗu, murfi ko ɗaya bai faɗi ba, Gunu ya zauna ya yi tunani, abin da bai saba ba. Sai ya tuna maharban ƙauye. Su ai ba sa fita da harba-ruga da yunwa. A ɗura mata albarushi, a shafe ta da man kaɗe ciki da waje, har a yi mata magana. Sun ce bindigar da ba a ciyar ba ita ke yawon banza. To ga amsa. Aradu ba ta da laifi, yunwa take ji.

Ya narka man kaɗen Lekiya a murfin gwangwani, ya ɗiga mata ɗigo uku a ramin iska, daidai inda Musiliyu ya ce kada. Ya matse ya harba. Tau. Ƙara ta tashi irin ta bindigar gaske, hayaƙi ya fito ta hanci, gida ya ɗauki ƙamshin suya. Kuma don Allah ya so ya ƙarasa shi, dalmar ta gutsiri kusurwar katako ta sama, karo na farko. Kaji suka watse suna mamaki.

Bagudu ya leƙo ta katanga. "Me ka zuba mata?"

"Sirrin maharba."

"Shef, iska in ta matsu zafi take yi. In ta tarar da mai sai ya kama wuta, kamar injin tirela. Za ka kashe sifirin."

Duk jawabin nan kalma biyu Gunu ya ji, injin tirela. Da yamma aka gan shi a garejin Bagudu yana tsiyayar baƙin mai a 'yar kwalbar turare. In ɗigo uku ya kai shi kusurwar katako, cokali guda ai sai tsakiya.

Ran biki filin makaranta ya cika maƙil. An kafa rumfar tampol ta manya, mai unguwa Tamu da shugaban makaranta da dattawan unguwa biyu a ƙarƙashi. An ɗaure lasifika a saman sanda, wani malami na sanarwa. Rago fari mai ƙaho na ɗaure a turken rumfa. Mata na suyar wagashi, cukun nonon nan, da doya, Lekiya a cikinsu, jandarma biyu na tsaye a bakin teburinta suna tabbatar da tsaro da bakinsu. Gunu ya iso da hular aiki da usur a wuya, Aradu a kafaɗa, sabuwar igiya fil a ɗaure a ƙugu.

Titiru ce ke farawa. Komlan tela ya fito, ɗan siririn nan mai tabarau ɗaure da zare, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana zuwa na biyu a gasar mutum biyu. Ya durƙusa ya warware wani ƙyallen atamfa a hankali. Baƙar ƙota ta fito, da wuri, da jan zare.

Tamu ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya.

"Shef, waccan ba ta Sero ba ce?"

"Kama ce. Kamfani ɗaya ya yi su."

"Wurin da jan zaren ma kamfani ne?"

"Yanzu komai kwaikwayo ake yi."

Komlan ya karya ta da yatsu, ya sa dalma, ya ɗora ta a buɗaɗɗen tafi kamar yadda yake tallabe yadi a bakin allura. Bai matse ba, bai runtse ba. Tak, murfi ya tashi. Tak, wani ya bi. Ba gaggawa, ba kallon jama'a. Ya sauke tara. A na goma ya daɗe yana dubawa, sannan ya sauke hanci ya harba ƙasa.

Mai sanarwa ya ce, "Tela, hannu ne ya gaji?"

"Sero bai taɓa wuce tara ba. Ba zan wuce shi da bindigarsa ba."

Nan na ja mayafi na rufe fuska, ba ruwanku da dalili.

Aka kira Banikanni. Gunu ya busa usur da kansa ya fito. Ya kafa ƙota a ƙasa ya ja hanci, don yana ganin idon jama'a zai ƙara masa ƙarfi. Bai ƙara ba. Ya ja, ya danna, ya rataya ya yi reton jemagensa a gaban unguwa biyu. Daga ƙarshe ya waiwaya wajen masu suya.

"Lekiya."

"Mai na kan wuta."

"Lekiya, don girman Allah."

Ta miƙa wa jandarma matsami ta ce ya juya mata, ta zo ta sa gwiwa. Ƙaras. Ta koma.

Lasifika ta ce, "Jama'a, bana Banikanni maharba biyu ta kawo, ɗaya na aiki ɗaya na hula."

Gunu ya juya wa mutane baya, ya zaro 'yar kwalba, man kaɗe da baƙin mai a gauraye, ya tuttule mata duka. Musiliyu na cikin 'yan kallo. Da ya hango, ya kama hannun matarsa suka koma bayan bishiya.

Baffanku ya gyara tsayuwa. Ya rungume Aradu irin rungumar jana'izar ƙauye, ya runtse ido mai lafiyar, ɗayan dama a rufe yake, ya ja kunama.

Ƙarar da ta tashi, har a tasha an ji. Hayaƙi baƙi ya turnuƙe shi. Dalma ta bi hanyar da ta saba, sama, ta sami lasifika a maƙogwaro, lasifika ta yi kukan akuya ta mutu. Filin ya yamutse, uwa ta suri ɗan da ba nata ba, mai alewa ya bar faranti. Jandarma biyu suka shige ƙarƙashin teburin wagashi, ɗaya da matsami a hannu. Rago ya zabura ya fizge turke, rumfa ta yi ruku'u ta kife a kan manyan gari. Ba abin da kake gani sai tampol na motsi, takalma na leƙowa. Shi kuwa Gunu, ba bindigar ce ta ka da shi ba, tsoro ne. Ya yi baya taku uku ya zauna daram a cikin bahon doyar masu suya, fuska baƙa ƙirin da mai. Shi da doya, alƙawari ne tun na ƙauye.

Jandarma suka fito suna kakkaɓe gwiwa, kunya ta koma fushi. Babban ya tsaya a kansa.

"Kai ne ka shigo da bindigar wuta filin makaranta?"

"Ranka ya daɗe, ba ta gaske ba ce."

"Ɗaga murya."

"Ba ta gaske ba ce. Ta wasa ce. Ta murfin kwalba."

"Wannan hular fa? Soja ka yi?"

"A'a."

"Ɗan sanda? Mai gadin daji?"

"Ƙofa nake buɗewa, ranka ya daɗe. In mota ta wuce in rufe."

"Ka taɓa riƙe makami?"

Gunu ya dubi jama'a, jama'a sun dawo sun kewaye shi. "Sau ɗaya. A jana'iza. Sama na harba."

Daga ƙarƙashin tampol muryar Tamu ta fito, a shaƙe. "Ranka ya daɗe, tambaye shi ko ɓaunar a sama take."

Musiliyu ne ya cece shi. Ya fito daga bayan bishiya ya karɓi Aradu ya girgiza ta a kunnen jandarma, tana caccaka kamar cakin makaɗa. Sifiri ya karye uku. Jandarma ya karɓe ta ya jefa wa Gunu a cinya ya koma ga wagashinsa, wanda ya ƙone.

Mai sanarwa, tunda ba lasifika, ya haɗa tafi a baki. "Banikanni, saura harbi tara."

Lekiya ta ce daga inda take, "Mun yafe."

Samari suka kamo rago a bakin titi yana jan turke, dama hanyar Titiru ya nufa. Sai ga matsala: mutanen Titiru ba su zo da igiya ba. Komlan ya zo gaban baho cikin ladabi ya ɗan rusuna.

"Shef, ko za a ara mana ta ƙugun?"

Da igiyar baffanku aka ja ragon Banikanni zuwa Titiru, shi kuma aka ja shi daga cikin baho.

Bayan kwana uku Komlan ya yi sallama a gidan nan, da cinyar rago a leda da ƙyallen atamfa a hammata. Ya ajiye a gabana ya ce, "Mama, zare na je saya a kasuwa na gan ta rataye cikin tayoyin keke, raina bai ba ni in wuce ba. Kuɗina rago ya biya. Ta gidan nan ce, ga ta. Amma in hannun Shef za ta koma, ku bar min ita in ci gaba da goge ta. Ba don rago ba."

Labari bai kwana biyu ba sai ga baffanku, ido ya fara sacewa, hula ta sha wanki.

"Matar Yaya, na kammala gwaji."

"Mun ji ƙararsa."

"Masani ba ya zaɓe sai ya gwada kowacce. Na gwada babba, na auna ƙarama, na zaɓi ta Yaya. Miƙo ta, al'ada ta ba ni."

"Al'ada ta ba ka sau ɗaya, ka kai ta kasuwa."

"Ai ajiya na kai."

Muka je gaban Tamu, yana zaune da tsumma a wuya tun faɗuwar rumfa. Ya ce shi al'adar da ya gada ta san ƙane ya gaji wa, amma ba ta san abin da aka sayar, baƙo ya saya, ya dawo da shi kyauta ba. Ya ce 'ya'yan Sero na raye, su yanke.

To ga ku, ga ta can a bayan ƙofa. In kun ba baffanku, jininku ne, ba wanda zai zage ku a fili, amma kun ji abin da hannunsa ke yi. In kun bar ta a nan, ba mai harbi a cikinku, tsatsa za ta ci ta a gabana ina kallo. In kun ba Komlan, ta sami hannun da ya san ta, amma ta bar dangi, kuma Banikanni ta yi sallama da rago har tela ya mutu, ni ce kuma zan riƙa bi ta gindin mangwaro ana kallona. Ina da ra'ayi, kun san ban taɓa rasa shi ba, amma bindigar ubanku ce ba tawa ba.

Gobe bayan la'asar su ukun za su zo, Gunu da Komlan da mai unguwa. Ku shiga ɗaki ku daidaita bakinku, ku fito min da magana ɗaya. Kuma kada ku ja lokaci, don jiya Lekiya ta gaya min ruwa na zuba a kan gadonta, baffanku kuwa ya sake sayen igiya.